Tarkon da Na Ɗana wa Kwamfutar Asibiti

Assalamu alaikum, jama'ar da ke bin labarin nan. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto tana tambaya ko an ɗaura ne aka hana ta shinkafa. Ba a ɗaura ba, Hajiya. Saura ƙiris ma maganar ta watse tun ba a kai ga gaisuwar iyaye ba, kuma ba wata budurwa ce ta shiga tsakaninmu ba, kwamfuta ce.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Kausar, shekarata ashirin da huɗu, a garin Anka muke zaune ni da Innata. Na karanta ilimin kwamfuta a Sakkwato, na dawo gida ina zaman wani shago a bakin kasuwa, ina cike wa mutane fom, ina gyara wayoyin da jikoki suka hargitsa wa kakanninsu. Wanda nake so sunansa Tasi'u, mutumin Gummi, dogo, mai sanyin magana, har wani lokaci ki ji kamar ki tura shi ya ƙarasa zancen. Yana aiki a wani ƙaramin asibiti inda ake auna jinin yara don a ga ko gubar dalma ta shiga jikinsu. Da safe shi yake shigar da yaran a kwamfuta, bayan azahar ya zauna ya karɓi sakamakonsu daga injin awo. An tsayar da ranar Asabar kawunnansa za su zo wurin Kawu Barau, ƙanen marigayi Babana, su nemi aurena. Har na karɓo ɗinkina, atamfa ruwan goro mai zanen ganye, na rataye ta a bayan ƙofa ina kallonta safe da yamma.

Ranar Lahadi wata maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta bar wa Inna labari. Wai sakamakon yara goma sha ɗaya ya salwanta a hannun Tasi'u cikin wata biyu, wai ana zargin shi yake rufe kwamfutar ya fita hira, kuma ranar Juma'a kwamitin asibitin zai zauna a kansa.

Sai kun san wani abu kafin ku ga laifin Inna. Mu mutanen Dareta ne, ita kuma Bafulatana ce 'yar Zugu da aure ya kai ta can. A shekarar 2010, ina da shekara tara, dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara da yawa a ƙauyenmu, cikinsu har da ƙanena Ishaq, yana ɗan shekara uku. Shi ya sa muka baro garin. Lokacin da yake raye, "Yayar Ishaq" Inna take kirana. Tun da aka binne shi na koma "ke", ko "yarinyar ga" idan da baƙi. Ba ta taɓa zama ta ba ni labarin waɗannan kwanaki ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Da na dawo daga shago na same ta a ƙarƙashin rumfa tana dama fura. Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta nuna mini tabarma.

"Ke, zamna nan. Anka ɗebi jinin ɗiyan mutane, uwayensu sunka hau babur sunka bi hanyar da kowa ka tsoro, shi ko yab bari abin yat tahi banza. In sunka kore shi ran Juma'a, kar kawunnanai su wahal da kansu ran Asabar. Wanda yay yi sakaci da jinin yaro ba shi shigo min gida."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini ludayi, na rufe. Kawu Barau kuwa, duk abin da Inna ta yanke a kaina shi ne nasa.

Na shige ɗaki na jawo waya. "T. Asibiti" na sa masa, tun zamanin da nake yi wa kaina ƙaryar ba komai tsakaninmu. Na rubuta: "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can ya turo: "Kunya nake ji, Injiniya. Wallahi ban taɓa rufe ta ba. Ina zaune, hannuna ma ba ya kan madannai, sai ta ɓace."

"Ta ɓace kamar yaya? Ta daskare? Ta rubuto wani abu?"

"Ko harafi. Yanzu tana nan, yanzu babu ita."

Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku zage ni a ƙasa. Kafin tausayinsa ya kama ni, son sanin abin ne ya fara kama ni. Manhaja idan ta faɗi takan yi kuka: ta fito da saƙo, ko ta daskare, ko ta bar wata shaida a baya. Wannan kuwa sai dai ta ɗauki mayafinta ta fice ba sallama. Na kwanta ina kallon atamfata a bayan ƙofa, amma tambaya ɗaya ce ke yawo a kaina, wa yake ce mata ta fita?

Litinin da safe na zura doguwar riga ruwan toka da farin hijabi don in yi kama da mutuniyar kirki, na rataya jakar kwamfutata, na nufi asibitin. Shugabar wurin Sista Sahura ce, gajeriyar mace mai tabarau a kan karan hanci, wadda ko ƙuda ba ya wucewa ba ta ƙirga shi ba. Ta san ko ni wace ce a wurin Tasi'u, ta kuma nuna mini ta sani.

Ita ta bayyana mini yadda asarar take faruwa. Fuskar injin awon ta mutu tun bara, don haka sakamako ta igiyar wayar da ta haɗa su kawai yake bi ya shiga kwamfuta, sau ɗaya tak. Jinin kuwa ɗan ɗigo ne, ana awo ya ƙare. Iyayen ba sa jira, don kowa yana so ya koma gida da sauran rana saboda halin da hanya take ciki na 'yan bindiga. Idan manhajar ta fice a daidai lokacin, sakamako ya tafi, in an sake buɗe ta kuma sai ta share bayanin yaron da ba a kammala ba. Abin da ke saura shi ne 'yar kwalba babu komai da lamba a jiki. Kamfanin da ya rubuta manhajar an yi ta aika masa saƙo shiru, kuma bai bar musu asalin rubutun ba balle wani ya duba.

Ta buɗe mini rajistar da kwamfutar take ajiyewa da kanta. Duk sau goma sha ɗayan abu guda ta rubuta, manhaja ta rufe lafiya.

"Kin gani ko, ɗiyata? Kwamfuta ba ta ƙarya."

"Ba ta ƙarya, Sista. Amma ba ta faɗi wanda ya ce a rufe ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. Daga ƙarshe ta ce in yi, da sharaɗin kar in taɓa manhajar ko kaɗan. Na ce mata ba zan shiga cikinta ba, a bakin ƙofa zan zauna.

Ku ɗan yi haƙuri da ni nan, don in ban yi bayani ba sauran labarin ba zai shiga ba. Manhaja ba ta yin komai ita kaɗai. Aro take yi daga wasu fayiloli da muke kira laburare, waɗanda manhajoji da yawa ke tarayya a kansu, kamar turmin tsakar gida da kowa ke daka a ciki. Wannan laburare ya iya magana da injin buga takarda, wancan ya iya karanta abin da ke zuwa ta waya. Hatta fita daga aiki aro ake yi, akwai wani aiki mai suna exit, duk mai son a tashi shi yake kira. Matsalar ita ce ba manhajar kaɗai ke iya kiransa ba. Kowane laburare da ta aro yana iya kira, kuma idan ya kira, kowa da kowa ne zai tashi.

To kwamfutar asibitin Linuks take amfani da shi, kuma a Linuks idan aka kira suna, wanda yake gaba a layi mai wannan sunan shi ke amsawa. Akwai wani umarni, LD_PRELOAD, da ke ba ki damar sa naki laburaren a gaban kowa. Sai na rubuta nawa exit ɗin, layi goma sha biyar. Duk wanda ya kira a tashi, nawa ne zai amsa. Zai rubuta sunan wanda ya kira, da wanda ya aiko shi, da wanda ya aiko wancan, har tushe, kamar yadda dangin Inna ke bin sawun saniyar da ta ɓata. Zai kuma kwashe duk abin da manhajar ke riƙe da shi a ƙwaƙwalwarta ya zuba a fayil, sannan ya miƙa wa exit na gaskiya ya ƙarasa aikinsa. Na gwada sau uku, na rufe manhajar da hannuna, tarkon ya kama ni duk sau ukun. Na tafi gida ina jin kaina.

Talata ranar awo ce. Yara hamsin da uku. Bayan azahar na zauna a bayan Tasi'u a kan benci, shi yana sanye da wata shadda ruwan ƙasa da ta sha guga, ya ƙi yarda ko sau ɗaya mu haɗa ido saboda Sista na tsaye. Da rana lambobi kawai ake gani a fuskar kwamfutar, kwalba ta shiga inji, lamba ta fito, ƙaramin injin da ke gefe ya tofo 'yar takarda mai manne ɗauke da suna da sakamako. Muna kan na talatin da wani abu, sai fuskar ta ƙifta. Babu manhaja. Hannun Tasi'u biyu na kan cinyarsa, ni shaida ce, Sista ma shaida ce.

Na ture shi da sauri na buɗe fayil ɗin tarkona. Babu komai a ciki.

Sista ta ɗauki kwalbar ta rubuta "12" a takardarta, ta ajiye a kusa da sauran. Wannan yaron a wuyana yake, don ni na ce a ci gaba da awo, tarkona zai kama. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, har ƙofar gida ina tafe ina zagin kaina.

Laraba ban buɗe shago ba. Na zauna a ɗaki da kofin kunu da ya huce ban sha ba, ina karatu, ruwan sama na dukan kwano. Kafin azahar na gano wautata. Ƙofar fita ba ɗaya ba ce. Exit yana da ƙanwa, sunansu ɗaya sai ɗan layi da aka ja a gaban nata, ita kuwa ba ta tsayawa kintsa komai, tsalle ɗaya take yi ta fice. Ni na tsare ƙofar zaure, ɓarawona yana bi ta ƙofar baya. Na ƙara layi shida, na tsare duka biyun. Tasi'u ya turo: "Ko na haƙura ne, Injiniya?" Na mayar masa: "Ka haƙura da me? Ni ban haƙura ba." Ya turo hoton fuska mai murmushi da hawaye, na kife wayar don Inna ta leƙo neman ashana.

Alhamis ita ce ranar awo ta ƙarshe kafin kwamiti. An kwana ana ruwa, yara goma sha tara kawai suka iso. Jama'a, ku dubi halin da na shiga, zaune nake ina addu'ar manhajar ta fice, kuma ina jin tsoron ta fice. Na ɗaya, na biyar, na goma, lafiya lau. A kan na goma sha huɗu fuskar ta ƙifta.

Wannan karon fayil ɗin cike yake. An kira la'asar, Tasi'u ya miƙe ya tafi masallaci ba tare da ya tambaye ni komai ba, ni kuma na bi sawu layi bayan layi. Manhaja ta karɓi sakamako. Ta kira mai ajiyewa. Kafin ya ajiye, ya kira laburaren ƙaramin injin nan mai tofo takarda. Shi kuma ya kira wani ɗan aiki mai duba rubutun da za a buga, kuma wannan ɗan aikin ne ya buɗe ƙofar baya. Ba Tasi'u ba, ba ma manhajar kanta ba. Injin buga suna. Sai da na toshe bakina da hijabi don kar dariyar farin ciki ta fito.

Sai na buɗe abin da tarkon ya kwaso daga ƙwaƙwalwarta, don in ga wane rubutu ne ya ɓata masa rai. Ga lambar kwalba. Ga shekaru, biyu. Ga gari, wata ruga a bayan Yargalma. Ga sakamakon ma bai salwanta ba, sittin da takwas. A wurin suna kuwa babu harafi ko ɗaya, sai sarari guda, irin wanda ake samu idan an danna dogon madannin nan na ƙasa.

Nan da nan na gane yadda abin yake. Manhajar ba ta bari a wuce wurin suna ba a rubuta komai ba, amma in aka danna sarari sai ta ɗauka an rubuta. Laburaren injin shi kuma yana share sarari kafin ya buga, sai ya ga ba abin bugawa. Wanda ya rubuta shi, Allah ya shirye shi duk inda yake, maimakon ya sa ya yi ƙorafi, sai ya sa ya tashi kowa. Kuma mutum ɗaya ne a asibitin nan yake rubuta sunayen yara.

Murnata ta koma ciki. Ashe dai sakacin ne. Ashe mutumin da nake shirin aure ƙyuyar rubuta sunan yaro yake yi, ya danna sarari ya wuce.

Na karanta wa Sista sakamakon. Ta cire tabarau, ta ce daga arba'in da biyar ake fara ba yaro maganin fitar da dalma, wannan bai kamata ya ƙara kwana biyu a gida ba. Ta tambaye ni sunansa. Na ba ta lamba da rugar, na ce suna ban kai gare shi ba tukuna, sai na ƙara dubawa a gida. Ƙarya na yi mata, ina kallon idonta. Na kwafi manhajar a tawa kwamfutar na fice kafin a sallame salla.

A hanya wayata ta yi ta motsi a jaka. "Kin ga wani abu?" "Injiniya?" "Ko ba daɗi, faɗa mini." Na buɗe na karanta, na bar shi yana ganin na karanta.

Na iske Inna a ƙarƙashin rumfa da faifai a cinya tana tsince shinkafa, ta ɗaura kallabinta shuɗi da ya koɗe, kaji na zagaye da ita suna jiran tsakuwa ta zama hatsi. Rana ta yi sanyi. Ta dube ni sau ɗaya ta san ba lafiya, amma ba ta tambaya ba. Na baje kwamfuta a kan tabarma kusa da ita. Kafin in kashe aurena da hannuna, ina so in maimaita abin da kaina in tabbatar. Na buɗe shafin shigar da yaro, na sa lambar ƙarya, na sa Dareta a wurin gari. Shirun ya yi mini nauyi, sai na gyara murya irin ta ma'aikata, na nuna kaina, don in ɗan sa ta murmushi.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Wagga ɗiya taki da ke zaune, mi sunanta?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafa. "Ke, bar min shashanci."

"Suna kawai, Hajiya, layi na jira."

Ta kawar da kai wajen katanga, ta ja bakin kallabinta ta rufe gefen fuska. Na jira. Sunan bai fito ba. Na danna in wuce, manhajar ta ƙi. Ban yi wani tunani ba, babban yatsana ya sauka a kan dogon madannin, na danna, ta wuce.

Na zauna ina kallon yatsan nawa.

Ni 'yar fari ce. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, balle Bafulatana, balle a gaban baƙon namiji. Na rayu shekara ashirin da huɗu a cikin wannan abu, amma da na gan shi a kwamfuta ban gane shi ba.

Na jawo waya na rubuta wa Tasi'u: "Idan uwa ta ƙi faɗar sunan yaro, me kake yi?"

Bai rubuto ba, murya ya turo. Na manta da Inna a gefena na danna, muryarsa ta cika rumfar.

"Ɗiyan fari ke nan. Da can da kaka suka zuwa ko da maƙwabciya, sai in tambayi ta kusa. Yanzu da hanya tal lalace, babur guda, uwa da ɗanta kaɗai. Wasu su ba ni laƙabi in rubuta. Wasu ko shi ba su iyawa, sai su sadda kai, mutane na kallo. Ni ko ban iya tilasta ma mace gaban jama'a, Kausar. Sai in danna sarari, in rubuta ɗan littahina, rugarsu, kalar zanenta, da sunan mai babur da yak kawo ta, don in sun dawo in cike. Mi ya faru?"

Na tambaye shi mutum nawa ne a littafin cikin wata biyun nan. Minti ɗaya, biyu. Ya turo: "Goma sha uku." Bayan ɗan lokaci ya sake turowa: "Innalillahi. Ni ne ke nan."

Inna ta ajiye faifan. Ta ce in sake sa mata muryar. Na sa. Ta ce in faɗa mata abin da ke faruwa da Hausar da za ta gane, na faɗa mata duka, har da yaron bayan Yargalma, har da ƙaryar da na yi wa Sista. Na ce gyaran manhajar layi biyar ne, zan sa nawa aikin a gaban na injin, duk inda ya ga ba suna ya buga lambar yaro. Amma gobe dole in gaya wa kwamiti cewa yatsan Tasi'u ne yake danna sararin, kuma ban san yadda za su ɗauka ba.

Ta mayar da ido kan kajin. Da ta fara magana ba ni take kallo ba. Ta ce shekarar da aka zo auna jini a Dareta, da mu biyu ta bi layi, Ishaq a bayanta, ni a hannunta. Wani malami ne a kan tebur yana rubuta sunaye, ba ta san daga ina ya zo ba. Ya tambayi sunan na goye, ta faɗa. Ya nuna ni, ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta yi shiru. Sai ya buga tebur, ya ce wace irin uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba, in ba ta da abin faɗa ta ba mutane wuri. Aka yi dariya a layin.

"Nij ja hannunki nif fita. Da ke da shi. Nic ce sai ranar da kakarku ta samu sarari mu dawo tare." Ta goge bakinta da kallabi. "Kwana shidda. Ran na shidda yaf fara sanƙarewa."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Shekara goma sha biyar ina zaton wasu take nufi duk lokacin da ta ce sakaci.

Ita ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki faifan ta sheƙe shinkafar sau biyu, ta watsa wa kaji tsakuwar.

"Da yaron ga naki a zaune teburin ga ran nan, da ya danna abin ga nashi yab bar ni cikin layi."

Ta miƙe tana dafa gwiwa. Ta ce in gaya wa Tasi'u gobe da an idar da asuba ya zo da littafin da babur biyu. Ita za ta je rugar, don ta san wadda ake tambaya in ana neman sunan ɗan fari, kuma ba uwar ba ce. Na tuna mata halin hanya, ta ce ai uwar yaron ita ma ta hanyar ta biyo. In sun kawo yaron, ta ce, za ta wuce wurin Sista ta zauna a gaban kwamitin, su kore shi tana kallo in sun iya.

"Kawunnansa fa, Inna?"

"Shinkahwar ga da kika ganin ina tsinta, ke za ki cinye ta?"

Ta shige madafa. Na zauna da waya a hannu, Tasi'u ya turo alamar tambaya har uku, na rasa ta inda zan fara. Ban san ko za mu sami yaron a rugar ba, ban san abin da kwamiti zai yanke ba, sauran goma sha biyun ma suna nan a littafi suna jira. Ina cikin share fuska da bakin hijabi na ji muryarta daga cikin hayaƙi, a hankali, kamar mai gwada ƙafa a ruwa.

"Yayar Ishaq. Rufe abin ga ki kawo min ashana."